Zargin da Ba Ya Jin Hujja

Duk wanda ya zauna a Kano tsakanin 2012 da 2014 ya san cewa a shekarun nan zargi ba aibi ba ne. Tun daga yammacin Juma'ar 20 ga Janairun 2012, ranar da aka kai hare-hare ofisoshin 'yan sanda da wasu wurare aka kashe fiye da mutum 180, garin ya sauya hali. Shingayen jami'an tsaro ko'ina, mai babur sai ya sauka ya tura babur ɗinsa har ya wuce buhunan yashi, a ƙofar masallaci ana lalube masu shiga, baƙo in ya tambayi gidan wani sai yara su ce ba su san shi ba. Da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero hari a Janairun 2013, sai aka hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja. Iyaye suna jan kunnen 'ya'yansu kada su kama sunan ƙungiyar da ke kai hare-haren a majalisa, don ba ka san wanda ke zaune kusa da kai ba. Wanda ya fi kowa waiwaye shi ake ce wa mai hankali. A cikin wannan yanayi ne ciwon Baffana ya fara, shi ya sa ya daɗe yana cin sa ba wanda ya farga.

Baffa wan mahaifina ne, ɗan farin kakarmu Hajiya, wadda saboda alkunya ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan yaron" ko da furfura ta fara fito masa. Yana sayar da atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari, kuma da na gama sakandare mahaifina ya danƙa ni a hannunsa in koyi kasuwa. Mutum ne mai raha da sakin hannu. Abokan cinikinsa daga Maraɗi da Damagaram da Injamena sukan bar masa kuɗi su tafi, ya aika musu da kaya a mota ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba. Lissafi kuwa a ka yake yin sa, kafin in gama latsa kwalkuleta ya riga ya faɗi jimla. Shagon da ke jikin namu na wani Alhaji amininsa ne, tun suna makarantar allo suke tare. Kullum da azahar in an kawo abinci daga gidajen biyu, sai a juye a faranti ɗaya su ci, mu yara mu jira ragowa.

Abin ya soma da abubuwan da kowa ke yi. Ya daina bin hanya ɗaya zuwa kasuwa, yau ta Ƙofar Mata, gobe ya zagayo ta wata hanyar. Ya juya kujerarsa ta fuskanci ƙofa. In za a yi maganar kuɗi sai ya zare batirin wayarsa ya ajiye a kan kanta. Maƙwabta suka riƙa yaba masa, wasu ma suka kwaikwaye shi. Bayan wasu watanni sai na lura yana rubuta lambobin motoci a bayan littafin bashi. Na tambaye shi, ya dube ni ya ce, "Kai yaro ne. Wannan jar motar jiya tana bayana a Gidan Murtala, yau ga ta nan. Kana ganin banza ne?" Na leƙa, na ga mota irin wadda ta cika Kano. Amma a lokacin wa zai ce wa babba ya cika tsoro, alhali a watan Maris na 2013 bam ya tashi a tashar mota ta Sabon Gari?

Daga nan ya daina shan shayin mai shayin da ya shekara yana kawo mana, ya ce ya ga yadda yake juya cokali a kofinsa daban da na sauran. Sai kuma wata rana da azahar ya ce wa amininsa cikinsa ba daɗi, ya ci shi kaɗai. Washegari ma haka. Alhajin ya ɗauka wasa ne, ya leƙo yana tsokanarsa ko amarya ce ta hana shi cin na kowa sai nata. Baffa bai yi dariya ba. Da mutumin ya koma shagonsa, sai ya sunkuyo ya raɗa mini, "Ka ji ko? Da kansa ya kama sunanta. Bakinsu ɗaya."

Ranar da ba na mantawa ita ce ranar da ya sa ni ɗanɗana abinci. An kawo shinkafa da miya daga gida, ranar girkin amarya ce. Ya buɗe kwanon ya daɗe yana shinshinawa, sannan ya tura mini ya ce, "Ci." Na yi bisimilla na ci loma uku ko huɗu. Ya zuba wa agogon bango ido, ya zuba mini ido, yana tambayata ko na ji jiri, ko harshena ya yi nauyi. Muka zauna haka har aka kira la'asar. Na ce, "Baffa, ka gani, lafiyata ƙalau." Sai ya girgiza kai a hankali, idanunsa suka kawo ƙwalla, ya ce, "Ashe har kai an ba ka makari, ɗana." Ba faɗa ya yi mini ba. Baƙin ciki ne tsantsa a fuskarsa, irin na mutumin da ya rasa na ƙarshen waɗanda ya amince da su. Da na ƙi ci, da ya ce na san abin da ke ciki. Da na ci cikina ya murɗa, da magana ta tabbata. Na ci ban ji komai ba, ita ma ta tabbata. Babu ƙofar da za a bi a fita. A ranar ya kwana da biredin da ya saya da hannunsa a wani shago nesa da kasuwa, kuma daga nan abincinsa ke nan, biredi da dafaffen ƙwai da bai yarda kowa ya ɓare masa ba, da ruwan leda.

Da magana ta isa gida, ba wanda ya yi tunanin asibiti, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Abin da Baffa ke faɗa ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Bai ce wasu halittu ne daga sama ke binsa ba. Cewa ya yi an yi masa sammu, mahassada sun sa shi a gaba, akwai hannun na gida. Wane Bahaushe ne bai taɓa jin irin wannan labari ba? Ga mutum mai kuɗi, ga mata biyu, ga abokin kasuwa da ya san sirrinsa. Gwaggo, ƙanwar Baffa da mahaifina, ita ta fara cewa dama tun da aka kawo yarinyar nan take ganin take-takenta. Aka shiga rubutu da hayaƙi da ruƙiyya. Cikin malaman da aka kira akwai masu tsoron Allah, ɗaya daga cikinsu ma bayan ya yi karatu ya ce shi bai ga alamar aljani ba, a nemi likita, amma maganarsa ba ta yi wa kowa daɗi ba, ba a sake kiransa ba. Wanda ya samu karɓuwa wani mai magani ne da aka ɗauko daga wajen gari. Ya zagaya gidan yana gunguni, ya tsaya a gindin bishiyar darbejiya da ke tsakar gida, ya sa aka haƙa, ya sa hannu ya zaro wani ƙullin baƙin tsumma da allurai da gashi a ciki. Ina tsaye a wurin, kuma har yau ina da yaƙinin a hannun rigarsa ya zo da shi, don tsumman ko danshin ƙasa bai yi ba. Ya ce aikin mace ne, fara, ta kusa ƙwarai. Ya karɓi kuɗinsa da rago ya tafi.

Aka tara dangi a ɗakin Hajiya. Amarya, yarinya ce da ba ta girme ni da yawa ba, tana goye da 'yarta, ta durƙusa tana kuka ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Baffa ya ce, "Wadda ta iya sammu, rantsuwa ce za ta gagare ta?" Mahaifina ya yi ta ba shi baki, "Yaya, a yi bincike, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya." Bai ji ba. A daren ya rubuta mata takarda. Ta fita daga gidan da sunan da ya fi saki ciwo, don har a unguwarsu labari ya riga ta isa cewa ta so kashe mijinta. Ita ce ta fi kowa biyan kuɗin wannan ciwo, ita da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Aka zaci shi ke nan, an cire ƙaya. Baffa ya yi 'yan kwanaki yana cin abincin uwargida, har Gwaggo tana cewa kun gani ko. Sai kuma ya ce gishirin ya sauya ɗanɗano. Matar da suka shekara ashirin da wani abu tare, uwar 'ya'yansa manya, ita ma ta shiga layin maƙiya. A nan ne jikin Gwaggo ya fara sanyi. A kasuwa kuma wata fassarar ake yi: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wasu suka ce ya ci kuɗin mutanen Nijar ne shi ya sa yake tsorata, wasu suka ce ya san wani abu game da masu tayar da bam. Wannan jita-jita a Kanon wancan lokaci tana iya sa a ɗauke mutum cikin dare. Kuma da yake raɗe-raɗin gaskiya ne ana yi, in ya wuce mutane su yi shiru, sai ya samu shaida ta zahiri a kan abin da da farko babu shi.

Ranar 28 ga Nuwamban 2014 aka kai hari babban masallacin Juma'a na cikin gari. Kwana goma sha biyu bayan nan, ranar 10 ga Disamba, bam ya tashi a wani sashe na Kantin Kwari kanta. Muna shago muka ji ƙarar, kowa ya ranta a na kare. Da muka isa gida, Baffa ya tara mu ya ce, cikin natsuwar da ta fi ihu ban tsoro, "Ba na gaya muku ba? Ni aka zo wa. Sun yi kuskuren layi ne." Daga ranar bai sake taka kasuwa ba. Ya kulle kansa a turakarsa, ya liƙe tagogi da kwali, ya toshe ramin makulli da auduga. Ya daina zuwa jam'i, shi da ba ya rasa sahun farko. In rediyo na sanarwar ɗaurin aure ko rasuwa, sai ya ce saƙo ne ake aika wa masu binsa a dunƙule. Dare kuwa ba ya runtsawa, muna jin takunsa har asuba. Mutumin da ke cika babbar riga ya koma tana yi masa yawa.

Abin da ya fi rikita kowa shi ne, in ka cire wannan magana ɗaya, hankalinsa garau yake. Nakan kawo masa littafin shago ta ƙarƙashin ƙofa, ya duba ya gano inda na tsallake yadi biyar. Ya san ranar wata, ya san wanda ke binsa bashi da wanda yake bi, karatun Alƙur'aninsa bai taɓu ba. Shi ya sa duk wanda ya ce taɓin hankali ne sai a ce masa, "Wane irin mahaukaci ne yake lissafin miliyoyi?" A wurinmu mai taɓin hankali shi ne wanda ke yawo a bola da tsummoki. Wanda bai kai can ba, lafiyarsa ƙalau, sai dai a ce an yi masa asiri ko kuma mugun hali ne.

Wani daga cikin dangi ya kawo shawarar a kai shi gidan mari, a ce a can za a karya abin. Hajiya ta ce muddin tana numfashi ba mai sa wa ɗanta sarƙa. Da aka fasa wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, aka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, sai na tuna da wannan tsayuwa ta tsohuwar nan, Allah ya jiƙanta. Ka ɗauki mutumin da ya yi imani ana son halaka shi, ka ɗaure shi ka yi ta bugu, me ka yi in ba tabbatar masa da zatonsa ba?

Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta buɗe mana hanya. Ta ce wa mahaifina, "Alhaji, ku daina yi masa gardama, kuma ku daina gaskata shi. Ku kama abin da shi ma ya yarda yana damunsa." Abin da ya yarda da shi kuwa rashin barci ne da ciwon kai. Allah ya sa akwai mutum ɗaya da zargin bai taɓa hawa kanta ba, ita ce Hajiya. Ta dogara sandarta har ƙofar turakar, ta ce, "Kai wannan yaro, in ni na haife ka, buɗe ka sa rigarka, za ka raka ni wurin likita a duba ni a duba ka." Ya buɗe.

A sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na wani asibiti a nan Kano muka ga likitan. Ina ciki, don Baffa ya ce in riƙe masa jakar takardunsa. Na zaci likita zai ce masa duk wannan ƙarya ne, su yi ta ja. Sai na ga ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ba ni labari tun daga farko. Yaya aka yi ka gane?" Baffa, da ya shekara biyu ana katse shi, ya samu mai saurare. Ya fito da littafin lambobin motoci, da sa'o'in da kowace ta wuce, ya jero komai daki-daki. Likitan yana tambaya a hankali: kana jin muryoyi in ba kowa? A'a. Kana jin ana sa maka tunani a ka ko ana zare maka? A'a. Kana shan wani abu, ko na ƙarin kuzari? Baffa ya ɓata rai, likitan ya ba shi haƙuri ya ce kowa ake tambaya. Ka taɓa tunanin ka rama, ko ka cutar da kanka? Ya ce shi dai ya bar su da Allah. A ƙarshe likitan ya ce, "Ni ban ga waɗannan mutane ba, ba zan ce maka na gan su ba. Amma na ga abin ya hana ka barci, ya raba ka da kasuwarka, ya ramar da kai. Ka ba ni dama mu fara da wannan." Aka ɗebi jini da fitsari, aka auna hawan jini.

Da aka fita da Baffa, mahaifina ya yi tambayar da ke cin kowa. "Likita, hauka ne?" Likitan ya ce sunan da suke kiran wannan alama a aikinsu faranoya, wato mutum ya kafe a kan cewa wasu na nufinsa da sharri da gangan, alhali babu hujjar da ta kai. Mahaifina ya ce, "Amma likita, sammu ai gaskiya ne, hassada ma gaskiya ce." Amsar da ya bayar ita ce abin da na fi riƙewa a duk wannan tafiya. Ya ce shi ma ɗan garin nan ne, a gidan da aka yarda da waɗannan abubuwa ya tashi, kuma a ƙa'idar aikinsu abin da al'ummar mutum ta yarda da shi ba a lissafa shi ciwo. Abin da suke dubawa daban ne. Shin akwai abin da za a nuna masa ya sauko? Shin komai, har tarin mai wucewa da sanarwar rediyo, a kansa yake ƙarewa? Shin da'irar maƙiyan faɗaɗa take yi? Shin abin ya cinye masa ci da barci da sana'a da iyali? Ya ce, "Sikelin da allurarsa ta maƙale, ko buhu ka ɗora ko ƙwayar gero, lamba ɗaya zai nuna maka. Ba kayan za ka yi ta sauyawa ba, sikelin za a gyara." Ya kuma tambaye mu ko akwai rikicin kuɗi na gaske tsakanin Baffa da amininsa, ko wata barazana da aka taɓa yi masa, don wani lokaci wanda ake ce wa mai ciwo gaskiya yake faɗa. Muka ce babu.

Daga baya, da na shiga karance-karance a kan abin, na tarar faranoya alama ce da ke fitowa a cututtuka da dama, ba cuta ɗaya ba. Tana zuwa a sikizofireniya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun kusan mutum 1 cikin 300, inda sau da yawa ake haɗawa da jin muryoyi da rikicewar zance. Tana zuwa ga masu shan wiwi da wasu ƙwayoyi, tana zuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa, irin kakar da ke rantsuwa jikoki na sace mata kuɗi, har ma ga wanda kunnensa ya yi nauyi yana ganin ana motsa baki ba ya ji. Akwai kuma wanda tun ƙuruciya ɗabi'arsa ce rashin yarda da kowa da riƙo, ba tare da ya kai ga kafaffen zato ba. Na Baffa shi ne wanda likitan nan na Jamus, Emil Kraepelin, ya keɓe tun ƙarshen ƙarni na 19: zato ɗaya da ke ginuwa a hankali, ya kafu ba ya girgiza, alhali sauran tunani da lissafi da magana suna nan daram. Yawanci a tsakiyar shekaru yake kama mutum. Kuma matsalar da ta ruɗe mu ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda ya kafa tsarin jinyar ƙauye a Aro ta Abeokuta a 1954, ya wallafa bincike a 1955 a kan yadda al'ada ke ba wannan ciwo siffa a tsakanin Yarabawa. Ciwon yakan ari harshen mutanen da ya samu. A inda ake tsoron maita zai yi maganar maita, a inda ake tsoron 'yan leƙen asiri zai yi maganar na'urar naɗar murya. Na Baffa ya haɗa biyun, don Kanon lokacin ta haɗa su.

Magani bai zo da sauƙi ba. Ƙwayoyin da ake bayarwa suna rage aikin wani sinadarin ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, kuma na farkonsu an fara amfani da shi a Faransa a 1952. Wanda aka fara ba Baffa ya sandarar masa da wuya, hannunsa ya kama rawa, yawu na zuba. Ga mutumin da ke tsoron guba, ka san abin da wannan ke nufi. Ya watsar, ya ce likitan ma an saye shi. Hajiya ce ta sake tsayawa, aka koma, aka rage, aka sauya wani, ita ke miƙa masa da hannunta bayan sallar isha. Barci ya fara dawowa, shi ne farkon alheri. Sannan ya cire kwalin taga ɗaya. Wata rana uwargida ta ajiye tuwo a ƙofa kamar yadda ta saba ba tare da sa rai ba, da ta dawo ta tarar da kwanon wayam. Ta zauna a tsakar gida ta yi kukan da ba ta yi ba duk tsawon shekarun.

Kada mai karatu ya zaci wata rana ya farka ya ce duk abin nan ba gaskiya ba ne. Bai taɓa faɗin haka ba. Abin da yakan ce shi ne, "Sun ƙyale ni yanzu," ko kuma, "Na daina bi ta kansu." Likitan ya ce mu karɓi wannan, kada mu matsa sai ya yi ikirari. A 2016 ya koma kasuwa, jarin ya ragu ƙwarai, abokan ciniki da yawa sun sauya shago. Ya shiga wurin amininsa ya yi sallama, suka gaisa, Alhajin ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, mutumina." Suna gaisawa har yau, suna zuwa wa juna biki da jaje, amma faranti ɗaya bai dawo ba. Amarya kuwa ta yi wani auren. Mahaifina da Gwaggo sun je har gidan iyayenta sun wanke ta a gaban mutanen unguwa, sai dai waɗanda suka ji zargin sun fi waɗanda suka ji wankewar yawa.

Yanzu kalmar faranoya ta shigo bakin matasanmu ta Facebook da TikTok. Budurwa ta duba wayar saurayinta, a ce tana da faranoya. Ɗan siyasa ya ce ana yi masa zagon ƙasa, a ce faranoya ce. Na san ba da mugun nufi ake faɗa ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don masu bincike irin su Daniel Freeman na Jami'ar Oxford sun nuna cewa tunanin zargi abu ne da ya yawaita a tsakanin masu lafiya, hawa-hawa ne, kuma rashin barci da yawan saƙe-saƙe suna ƙara hura shi. Amma mai zargi na yau da kullum yana da birki. In ka kawo masa hujja zai yi ajiyar zuciya ya ce, "Shaiɗan ne, ka yafe ni," ya ci abincinsa ya yi barci. Baffa ba shi da wannan birkin, kuma ba don taurin kai ko raunin imani ba. Ina jin zafin haɗa su a suna ɗaya ta fuska biyu. Manomin da ke ƙauyen Zamfara ko Katsina yana kaffa-kaffa da maƙwabcinsa saboda masu kai wa 'yan bindiga rahoto, ba ciwo ke damunsa ba, yana da dalili, kuma kiransa mai lalura zalunci ne. Shi kuma mai ciwon gaske, in aka mayar da abinsa hali, sai a yi ta yi masa wa'azi a kan mugun zato ana jin haushinsa, har aure ya mutu, jari ya karye, wani lokaci ma ya ɗauki makami don kare kansa daga wanda bai taɓa nufinsa da komai ba.

A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin masu wannan lalura. Likitocin fannin ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, amma akwai inda za a je: asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da sassan da ke asibitocin koyarwa. Baffa har yau yana zuwa ganin likita yana shan maganinsa, yana kuma sahun farko a masallacin unguwa.

Roƙona na musamman ga malamanmu masu ruƙiyya da masu ba da taimako ne, don wurinku ake fara zuwa kafin ko'ina. In aka kawo muku mutumin da ya daina cin abincin gidansa, ba ya barci, yana cewa ana binsa, ku yi masa addu'a iyakar iyawarku, amma don Allah kada ku nuna masa matarsa ko ɗan'uwansa ko abokin kasuwarsa. Ku ce wa danginsa su wuce da shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a cikin makon nan.